Ƙullutu a Bayan 'Yar Toka

Auta ce ta fara jin abin. Tana shafa 'yar kyanwarta, 'Yar Toka, a gindin keken ɗinki, sai yatsanta ya ci karo da wani ƙullutu ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu, kamar ƙwayar wake.

Uwarta, wadda kowa ke kira Tela, ta tsayar da keke ta taɓa wurin. Tun da aka kawo 'Yar Toka ta yi wa Auta alkawarin kai ta rigakafi. Ɗinki ya yi yawa, yau ta zama gobe. Da nacin Auta ya ishe ta, wata rana wajen cin abinci ta ce ai ta kai ta. Yanzu ga ciwo ya fito.

Sai idonta ya sauka kan mahaifinta, yana zaune a bakin ƙofa da sandarsa a cinya. Tun da Baba ya dawo gidan da zama, ba ya ga maciji da kyanwar. Kullum sai ya ɗaga sanda ya ce a ɗauke masa wannan ɓarauniya. Ga sawun yakushi a bayan hannunsa, ga gashi mai ruwan toka a bakin aljihun rigarsa.

Ya fi mata sauƙi laifin ya zama na wani.

"Baba, abin har ya kai ga duka?" in ji ta. "Dabba ce fa, kuma ta jikarka."

Tsohon ya buɗe baki. Ya dubi Auta, wadda ta cika ido da hawaye, sai ya rufe.

"To," kawai ya ce.

Da yamma ya ninke kayansa a jaka, ya ce gobe zai koma wurin ƙanin Tela. Auta ta ƙi yi masa sai da safe. Tela ta ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu.

Washegari ta bar shi a ƙofa yana jiran mota, ta sa kyanwar a kwando ta nufi wurin likitan dabbobi.

Likitan ya lalubi wurin a hankali. Ya ce ƙananan kyanwoyi kan yi irin wannan: wani daga cizo, wani daga buguwa, wani daga kaska.

"Amma wannan gurbin allura ne," in ji shi. "Zai baje da kansa. In kika ga yana girma, ko ya ƙi tafiya, ki dawo da ita."

Tela ta sunkuyar da kai. "Likita, ba a taɓa yi mata allura ba. Ni ce na yi sakaci."

Ya ɗaga haɓar kyanwar, ya yi murmushi.

"Ai ni na yi mata. Yaya hannun dattijon da ya kawo ta cikin aljihu? Har ya roƙe ni in rufa asiri, wai 'yarsa ta riga ta gaya wa jikarsa an yi."