Tsohon Bakin Rumbu

Ba wanda ya gayyaci Malam Mahamud. Shi ya saka babbar rigarsa, ya taso daga Dogo, ya zauna can baya a zauren jami'a tare da 'yarsa Zahra'u mai jin Faransanci. Yau ɗansa Ado ke kare kundin digirinsa na masta a kan rayuwar tsofaffi.

Sai ga hotonsa a bango, a bakin rumbu, cikin yagaggiyar rigar gona. Ado ne ya ce ya cire sabuwar a ranar ɗaukar hoton.

"Ni ne! Me yake cewa?"

"Wai wani tsoho ne da 'ya'yansa suka yasar, Baba."

Farfesa ya cire tabarau, ya yi tambaya. Ado ya sunkuyar da kai, ya amsa a hankali. Zaure ya ɗauki "Allah sarki", aka ɗaga hannuwa. Malam Mahamud ma ya ɗaga, ya shafa.

Ya juya ga Zahra'u.

"Ke, fassara mini mana."

"Farfesa ne ke son kai maka ziyara."

"Madalla! Sai Ado ya ce me?"

"Ya ce ka rasu bara, Baba. Fatihar da ka shafa, taka ce."