Tantin Kaka a Kan Busasshen Taɓo

Wani turken ya sake lanƙwashewa. Nas ta jefar da guduma ta zauna a ƙasa tana huci. Duk inda ta kafa turken tanti sai ya ci karo da dutse a ƙarƙashin taɓo.

Wuri mai kyau kuwa ba a rasa ba. Can sama, a gindin itatuwa, akwai ciyawa da inuwa da famfo, mutane sun baje tantunansu suna gasa kifi. Mai kula da sansanin ma sai da ya nuna musu nan. Kaka ya ƙi ko kallo. Ya ɗauki sandarsa ya gangara, ya wuce inda ake ɗaure kwale-kwale, ya bi ƙasar da ruwa ya janye ya bari, har ya tsaya a wani fili da ba ko tsiro, ya ce a nan za a kafa. Mai kula da wurin ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ba doka ya karya ba, tun da aka gina madatsar ruwa, tafkin bai taɓa ja da baya kamar bana ba, mai son rana ya sha abinsa.

Ita dai ba shan iska ya kawo ta ba. Wata guda ke nan Kaka, mutumin da bai taɓa kwana a tanti ba, ya hana kowa sakat sai an kai shi bakin tafki. Babanta ya ce tsohon ya fara ruɗewa. Da yake ita ce ma'aikaciyar jinya a gidan, ita aka ɗora wa aikin: ta kai shi, ta sa ido, ta bugo waya kafin yamma. In ta ce kansa ya taɓu, za a rufe gidan da yake zaune shi kaɗai, a dawo da shi ɗakin baya a gidan ɗansa, a karɓe makullin ƙofa. Ta san Kaka. Ranar da aka yi masa haka, an gama da shi.

Shi ya sa tun safe take nema masa uzuri, shi kuma yana ɓata mata.

Ta ce ya miƙo mata jarkar ruwa da ke gabansa kaɗan. Maimakon ya tafi kai tsaye ya ɗauko, sai ya yi dama, ya yi kwana, ya zaga wani abu da babu shi, ya sunkuyar da kai a sarari, sannan ya iso. Ta tsokane shi, ta ce ango irin wannan mai tafiyar maciji ita ta fasa auren. Ya ce da ma sadakinta ya yi masa tsada. Ta yi dariya, amma ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

Ya kasa zama. Ya je nan, ya dawo can, yana ƙwanƙwasa ƙasa da sanda yana kasa kunne. Yara biyu suka gangaro da ƙwallo, ya daka musu tsawa wai su fita su bi ta hanya. Suka dubi fili fetal, suka dubi juna, suka ruga. Da ta haɗa tantin da kyar, ta danne igiyoyin da jakunkuna, sai ya tsaya nesa da shi kaɗan, ya tuɓe takalmansa a kan taɓo, ya yi sallama a hankali. Ya jira kamar za a amsa.

Wayarta ta yi ƙara. Babanta ne. Ta bari ta katse. Ta kawo wa Kaka shayi, ta tambaye shi yau wace rana ce, ya faɗa daidai. Ta tambaye shi sunan maganinsa na hawan jini, ya faɗa, har ya ƙara mata da cewa jiya ita ta manta ta ba shi. Ranta ya ɗan yi sanyi. Sai ta juya ta taka wani wuri kusa da tantin, ya fizgo hannunta da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba.

"Rijiya," ya ce. "Ki riƙa duba gabanki."

Ta duba. Busasshen taɓo ne, ya tsattsage kamar ko'ina.

Wayar ta sake ƙara. Wannan karon ta ɗauka, ta juya masa baya don kada ya ga idonta. Babanta bai ko gaisa ba, ya ce yaya ta gani. Ta tausaya wa tsohon, amma ƙarya ba ta cikin aikinta. Ta buɗe baki.

Wata tsohuwa ce ta hana ta magana. Daga wajen itatuwa take gangarowa, wani saurayi na biye da ita yana roƙon ta koma inuwa. Ba ta nufo tantin kai tsaye ba. Ta yi dama, ta yi kwana daidai inda Kaka yake yi, ta kauce wa wurin da ya fizge Nas, ta sunkuyar da kai a sarari. Sannan ta tsaya ta ƙura masa ido.

"Ɗan maƙeri," ta ce, "ashe kai ma ka ji ruwa ya saki garinmu. Na san a ɗakin innarka zan same ka."