Gidan Wace Ƙazama Ce?

Na daki teburin Ningsih, ma'aikaciyar asibitin ƙauyenmu.

"Ke yarinya, jikana Danang na kwance da zazzaɓin dengi! Gidan wace ƙazama ce a bidiyon da kuka turo mana a waya? Faɗa min in kai ta gaban mai unguwa!"

Daga sama aka ɗauko hoton: ɓawon kwakwa tuli a bayan ɗaki, cike da ruwan sama, inda sauro ke ƙyanƙyasa. Ni na zaga da bidiyon gida-gida ina tsine wa mai gidan.

"Mbah Sutinah, kakarmu, zauna tukuna," in ji Ningsih.

"Ba zan zauna ba!"

Ta karɓi wayata, ta faɗaɗa hoton da yatsu biyu. A igiyar shanya, ga zanena mai ƙunar dutsen guga.

Ban taɓa ganin gidana daga sama ba.