Dashe Marar Saiwa

Tun da an ɗora maka zagayen duba dashen itatuwa, zauna in ba ka misali kafin ka kama hanya.

An yi wani manomi can arewa, gonarsa ce ta ƙarshe kafin tudun rairayi. Gonar gado ce, a cikinta ubansa ya tsufa, kuma kowace shekara rairayi na cin gefenta kaɗan-kaɗan. Ana nan sai masu aikin tare hamada suka zo da dashe iri biyu, itacen turare da dakwara mai ƙaro, suka ce ya jera su a bakin gonar su zama katanga. Suka ce in damina ta ɗauke za su dawo su ga wanda ya kama da wanda ya mutu, don su san irin da za su kawo baɗi. Bawan Allah bai yi ƙyuya ba. Da jakinsa ya riƙa ɗauko ruwa daga rijiya, ya kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki. Amma gara ba ruwanta da wahalar kowa. Ta bi turaren ta ƙasa ta cinye saiwarsa, sai 'yan dakwara suka tsira, ƙanana, ba kyan gani.

Da labarin zuwan baƙin ya iso, abin ya dame shi ƙwarai. Shi mutum ne da ko zazzaɓi na kaɗa shi, in an gaishe shi lafiya lau zai ce. A garinsu ba a tarar baƙo da mummunan labari, balle baƙon da ya yi maka kyauta. Yaya za a yi mutane su sha rana tun daga birni, ka shimfiɗa musu tabarma, ka dama musu fura, sannan ka buɗe baki ka ce abin da suka ba ka ya mutu a hannunka? Sai ya tafi bakin kasuwa inda wani tsohon itacen turare yake, ya sassaro rassa ɗanyu shar, ya kakkafa su a ramukan da gara ta bari fayau, ya yayyafa ruwa. Baƙi suka zo, suka bi layi suna gyaɗa kai, suka yi masa sannu da ƙoƙari. Ya raka su har bakin mota, ya koma gida yana ganin ya fita kunya.

Su kuwa abin da ido ya gani suka kai gaba: turare ya karɓi ƙasar, dakwara ba ta yi ba. Da shekara ta zagayo aka sauke masa turare zalla, ba dakwara ko ɗaya, ba maganin gara, don wa zai kawo maganin cutar da ba a faɗa ba? Gara ta yi biki. Manomi ya so ya yi magana, amma maganar ta fi ta bara nauyi, sai ya sake ɗaukar adda ya nufi bakin kasuwa. Baƙi suka dawo suka sake ganin layi kore shar, sai aka ce aikin garin ya kammala, aka kwashe ma'aikata zuwa wani wuri. Manomin nan ba mugu ba ne, wallahi, ni tausayinsa nake ji. Damina ta gaba iskar farkon ruwa ta taso, ba abin da ya tare ta. Ya yi shuka rairayi ya binne, ya sake, ya sake binnewa. Ya durƙusa yana tono da yatsu, yana zaro 'yan tsiron gero da suka shaƙe, ya ɗaga kai ya rasa inda iyakar gonar ubansa take. Kafin kaka ya ɗaure kayansa, ya tasa iyalinsa gaba, ya yi kudu neman ƙwadago a gonakin mutane.

To, in ka je, kada ka tsaya kallo daga nesa. Ka kama dashen ka ɗan ja, kuma ka sauƙaƙa wa mutum faɗin abin da ya mutu. Hausawa dai sun riga sun faɗa: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.