Ruwan Daɗi Don Injin Wada

"Ummulkhairi, garwa ɗaya kacal!" in ji Wada, yana shafa injin da ya ciro daga fasasshen kwalekwalensa a Jidda, ya kawo gida unguwar Tandabawi a Makka. Ruwan teku ya shige shi. In ba a ɗauraye shi da ruwan daɗi ba, gishiri zai cinye shi.

"A Makka, Malam? Na sha ma da ƙyar muke samu," in ji matar tasa, ta rufe randa.

Wada ya duƙufa addu'a.

Rannan ambaliya ta gangaro daga duwatsu, ta tafi da katanga da randa da akuya. Maƙwabta suka zo jaje, suka iske shi cikin ruwa iya ƙugu, yana ɗanɗanawa.

"Alhamdulillahi, babu gishiri! Ummulkhairi, miƙo soso."