Ƙarnin Mai a Hannunta

Ta zo kwashe sauran tukwanenta ne, sai ta tarar da tsohon mijinta tsugune a kicin, hannu biyu cikin bokitin ruwa. Attaruhu ya yanka, ga miya tana ƙauri a kan wuta.

"Ruwa ba ya kashe shi, Baban Yara. Miƙo nan."

Ta sauke miyar, ta tsiyaya masa man girki a tafi, ta shiga murzawa yatsa bayan yatsa. Ya zuba mata ido, ita kuwa ta ƙi ɗagowa.

"Ashe haka yake ci kamar wuta?" Ya haɗiyi yawu. "Ki dawo ɗakinki mana, don Allah."

Saura kaɗan ta amsa, sai ƙarnin man ya daki hancinta.

"Ka tuna yadda kake ture hannuna, wai ina ƙarni kamar mai tuya a bakin titi? To, wannan zafin nake kashewa."

"Wallahi ban sani ba."

"Ai ba ka taɓa tambaya ba. Shi ya sa ba zan dawo ba." Ta saki hannunsa, ta miƙe. "In ya lafa, ka wanke da sabulu. Kada ka taɓa ido."