Maɓallin da Ke Reto

Mutanen layin suna cewa abu biyu ne ba a taɓa gani wurin tsohon telan ba: ɗinkin da ya warware, da ranar da ya ba wani haƙuri.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa ta yi ta cigiya har ta samo wata ma'aikaciyar lafiya mai koya wa majinyata komawa sana'arsu. Ba ta zo da ƙwaya ko ƙarin ruwa ba. Sai dai ta sa shi matsa soso da tsintar wake daga faranti.

"Wannan ce likitar?" ya tambayi 'yarsa a gaban matar. "Ta mai da ni yaron goye! Ko rigarta ta kasa gyarawa, dubi maɓalli yana reto."

Matar ta yi murmushi. "Baba, ƙara tsinto ɗaya."

Wata huɗu maɓallin yana reto a gabansa, yana ci masa rai. Ran nan ya kasa daurewa.

"Miƙo rigar nan!"

Sau bakwai zaren yana kuskure kafar allura, a na takwas ya shige. Ya ɗinke maɓallin tsaf, ya gatse zaren, sannan ya tsaya yana kallon yatsunsa.

"Ni na kwance shi tun ranar farko," in ji matar. "Na san idon tela ba zai jure ba."

Ya miƙa mata rigar. Sannan ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"'Yar nan, na raina aikinki. Ki yi haƙuri."